DAGA KANO ZUWA LEGAS A AWA ƊAYA DA RABI: KO JIRGIN SAMA ZAI ƊAUKAR MANA TUMATIR?



A taron ƙungiyar gama kai da muka yi a gindin ɗorawa bayan majami'a a nan Taba, wani dattijo ya miƙe ya yi mini tambaya. Ya ce, "Malam, ɗana da ke aiki a Legas ya zo ganin gida. Ranar komawarsa ya hau jirgin sama a Kano da hantsi, kafin rana ta take tsaka ya bugo waya ya ce ya sauka. Mu kuwa tumatirinmu sai ya kwana biyu ko uku a bayan tirela, ya isa can rabinsa ya zama ruwa. Me zai hana mu haɗa kuɗi mu sa shi a jirgi?" Waɗansu suka yi dariya. Na ce, "Baba, tambayarka ba abin dariya ba ce, amma ka ba ni lokaci in yi lissafi tukuna."

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan bayani. Wani baƙo ya bi waɗansu ƙauyukanmu da takardu a hannu, yana cewa duk ƙungiyar da ta biya kuɗin rajista zai haɗa ta da masu fitar da kayan lambu ta jirgin sama. Har ma'ajin wata ƙungiya ya zo yana tambayata ko ya taɓa kuɗin takin da suka tara. Kuɗin nan kuwa gumin mutane ne, har da na gwauraye. Saboda haka bari mu bi al'amarin daki-daki: nawa ne nisan, nawa ne lokacin, nawa ne kuma tsadar.

NISA IRI BIYU NE

In ka tambayi direba nisan Kano zuwa Legas, zai ce maka wajen kilomita 1,000. In ka tambayi matuƙin jirgin sama, zai ce kilomita 834. Dukansu gaskiya suka faɗa, domin nisa iri biyu ne.

Na fari shi ne nisan hanya. Mota ba ta da ikon tsallake dutse ko kogi, tilas ta bi inda aka shimfiɗa kwalta. Daga Kano ta biyo Kwanar Dangora, Tashar Yari, Zariya, Kaduna, sa'an nan ta nufi Mokwa, ta haye Kwara a gadar Jebba, ta wuce Ilori da Badun kafin ta shiga Legas. In kuwa direba ya zaɓi hanyar Abuja da Lokoja, to tafiyar ta ƙara tsawo. Hanyar jirgin ƙasa ma ta fi hanyar mota ta Jebba tsawo, domin tsohuwar dogo daga Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ce.

Na biyu shi ne nisan miƙe, watau yadda shaho zai tafi. Kowa yana iya gwada wannan a makarantar firamare ta garinsu. A shimfiɗa taswirar Nijeriya, a ɗora bakin zare a kan Kano, a ja shi ya miƙe har Legas, sa'an nan a auna zaren a kan ma'aunin da ke gindin taswira. Abin da za a samu ke nan, kilomita 834 daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin Murtala Muhammed da ke Ikeja. Ga dattawanmu da suka saba ƙidaya da mil, wannan mil 518 ne, domin mil ɗaya ya ɗara kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Matuƙa jirgi kuwa suna da nasu mil, irin na masu jirgin ruwa, wanda ya fi namu tsawo. Da nasu ma'aunin nisan nan mil 450 ne. Kada wannan ya ruɗa kowa, tazarar ɗaya ce, mudun awon ne ya bambanta.

Ku lura da wani abu a nan. Tsakanin 834 da 1,000 bambancin ba shi da yawa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Ashe ba gajertar hanya ce ta sa jirgi ya riga mota isa ba. Gudu ne, da rashin tsayawa.

YADDA TAFIYAR TA YI TA RAGUWA

Kakanninmu fatake da suka riƙa kora jakuna zuwa kurmi, in sun yi kilomita 25 a yini sun yi ƙoƙari. In aka lissafa haka, kilomita 1,000 kwana 40 ke nan, ban da hutu da ranakun kasuwa. A cikin 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller da abokan tafiyarsu na C.M.S. suka taso daga Legas cikin Janairu, ba su isa Kano ba sai cikin Afrilu, watau kusan wata uku. Likita Miller ɗin nan shi ne daga baya ya zauna a birnin Zariya, aikin da ya fara kuma shi ne aka mayar Wusasa.

Dogo ta isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Ko da aka sake buɗe jigilar fasinja a kan tsohuwar dogon a 2012, jirgin ƙasa yakan ci awa 30 ko fiye tsakanin Legas da Kano. Jirgin sama kuwa ya fara sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, sun taso daga Masar ran 27 ga Oktoba, suna tafe suna yada zango. Tafiyar da ta ci musu kwanaki, jirgin fasinja na zamani yana yinta a ƙasa da awa biyar. Ƙananan jiragen da muke gani suna shawagi a samanmu lokacin da muke noma, galibi na makarantar koyon tuƙin jirgin sama ce ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

ME YA SA AWA ƊAYA DA RABI, BA AWA ƊAYA BA?

Jirgin fasinja irin Boeing 737, wanda aka fi amfani da shi a cikin ƙasar nan, in ya daidaita a sama yana gudun kilomita 830 zuwa 850 a awa. Ɗan makaranta zai ce, to ai 834 a raba da 830, awa ɗaya ke nan cif. Amma a kan tikiti za ka ga an rubuta wajen awa ɗaya da rabi. Ina sauran rabin awar ta tafi?

Na ɗaya, lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne tun daga sa'ad da jirgi ya motsa daga inda aka shiga, ba daga sa'ad da ya bar ƙasa ba. Sai ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya tsaya ya jira izini daga masu tsaron hasumiya. Wannan yakan ci minti 10 ko 15. In ya sauka ma haka.

Na biyu, jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya hau sama sosai, kamar mita 10,000, watau kilomita 10 daga ƙasa. A can iska ba ta da kauri, ba ta tare shi, man da yake sha ma ya fi kaɗan. Hawan yakan ci wajen minti 20, saukowa ma kamar haka, kuma a cikin waɗannan mintoci gudunsa bai kai na tsakiya ba. Kamar mai keke ne da ya fito daga cikin gari: sai ya hau babban titi kafin ya saki ƙafa, in ya doshi kasuwa kuma ya fara taka birki tun daga nesa.

Na uku, sama ma tana da hanyoyinta. Ba a barin kowane matuƙi ya bi inda ya ga dama, akwai layukan da aka tsara don kada jirage su yi karo. Filin Legas kuwa cunkoso gare shi, wani lokaci sai a ce wa jirgi ya yi ta kewaye har a ba shi wuri.

Na huɗu shi ne yanayi. Da damina matuƙi ba ya kutsawa cikin baƙin hadari, kauce masa yake yi, kaucewa kuwa ƙarin tafiya ce. Da hunturu kuma hazo ne. In ƙura ta rufe Kano har ba a hangen nesa, sai a jinkirta tashi, wani lokaci a soke shi ɗungum. Ku tuna fa, watannin hazo, Disamba zuwa Fabrairu, su ne watannin da tumatirin rani yake fara cika kasuwa.

Iska ma tana da hannu a ciki. In tana bayan jirgi ta tura shi, in tana gabansa ta rage masa gudu. A gajeriyar tafiya irin ta Kano da Legas bambancin 'yan mintoci ne. Amma tsakanin Landan da New York ta Amurka, inda nisan ya wuce kilomita 5,500, zuwa yakan ci wajen awa 8, dawowa kuwa wajen awa 7, domin akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke busowa daga yamma zuwa gabas.

Wani abin da ke ruɗa masu jiran baƙi shi ne agogo. Kano da Legas agogonsu ɗaya. Amma maƙwabtanmu Musulmi masu zuwa aikin haji, daga Kano zuwa Jidda nisan ya kai kilomita 3,400, agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa 2. Haka 'yan'uwanmu masu ziyarar Isra'ila, agogon can yana gaban namu da awa ɗaya da sanyi, awa 2 da zafi. Lokacin sauka da ke kan tikiti da agogon garin da za a sauka aka rubuta shi. Wanda bai san haka ba sai ya zaci tafiyar ta fi yadda take tsawo.

A ƘIDAYA DAGA ƘOFA ZUWA ƘOFA

To, yanzu mu koma kan tambayar Baba. Ɗansa ya faɗi gaskiya, awa ɗaya da rabi ya yi a jirgi. Amma daga Kano ya fara ƙidaya, ba daga Taba ba. Bari mu ƙidaya masa duka:

Daga gida zuwa filin jirgi a Kano, da jiran mota ta cika da ratsa cikin gari: awa 3.
Isa da wuri don a duba tikiti, a auna kaya, a bincike mutum: awa 2.
Cikin jirgi: awa ɗaya da rabi.
Jiran kaya bayan an sauka: rabin awa.
Daga Ikeja zuwa kasuwar Mile 12, inda ake sauke tumatirin arewa, in cunkoson motoci bai yi tsanani ba: awa ɗaya.

Jimla awa 8 ke nan, in kome ya tafi daidai. Awa ɗaya da rabin da ake ta faɗa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na tafiyar ba. Wannan kuwa na mutum ne mai ƙafa biyu, wanda zai iya bin layi da kansa. Kaya sun fi haka jira. Sai an kai su tun da sauran lokaci, a auna, a bincika, a cika takardu, a jira jirgin da ke da wuri. Ba kuma wanda zai karɓi kwando mai ɗigar ruwa ya sa a cikin jirginsa, sai an zuba a kwali ko akwati mai ƙarfi, wannan ma kuɗi ne.

Duk da haka ba zan ɓoye muku ba, ko da awa 12 abin ya ci, ya fi kwana biyu ko uku na tirela nesa ba kusa ba. In don sauri ne kaɗai, Baba ya yi gaskiya. Saura mu ga kuɗin saurin.

SAURI SAYENSA AKE YI

Jirgi irin wanda muka ambata yana shan man jirgi, wanda dangin kananzir ne, wajen lita 3,000 a kowace awa. Daga Kano zuwa Legas, da tashi da sauka, a ce lita 4,000. Iyakar nauyin da zai ɗauka, mutane da kaya duka, wajen tan 20 ne. In aka raba, kowane tan ya sha lita 200. Tirela kuwa tana ɗaukar tan 30, ta sha gas kamar lita 500 a wannan tafiya. In aka raba, kowane tan bai kai lita 20 ba. Watau a mai kaɗai jirgi ya ninka tirela sau goma. Ba mu sa albashin matuƙa ba, da kuɗin sauka a fili, da gyara, da tsadar jirgin kansa.

Ga wata hanya mai sauƙi da kowace ƙungiya za ta gwada da kanta. Kamfanonin jirgi sukan ƙiyasta fasinja ɗaya da kayansa a kan kilo 100. Babban kwandon tumatir kuwa wajen kilo 50 ne. Ashe kwando biyu sun yi nauyin fasinja ɗaya. To, a tambayi kuɗin tikitin Kano zuwa Legas na wannan mako, a raba biyu. A ajiye wannan adadi kusa da abin da direban tirela ke karɓa a kan kwando ɗaya, a kuma ajiye shi kusa da farashin kwando a Mile 12. Farashin ɗaukar kaya ba daidai yake da na fasinja ba, amma wannan lissafi ya isa ya nuna muku girman ramin. Lokacin da tumatir ya yi yawa, wanda shi ne lokacin da muke kuka, kuɗin jirgin zai cinye kuɗin kwandon ya nemi ƙari.

Dalilin kuwa a fili yake. Tumatir ɗanye, cikin kashi 100 wajen kashi 94 ruwa ne. Wanda ya sa shi a jirgi, ruwa ya biya wa kuɗin jirgi. Matar da ke sayen na miya a Legas kuma ba za ta ninka kuɗi don an ce mata wannan ta sama ya zo ba, alhali ga na tirela a gefe.

AMMA AI WAƊANSU SUNA YI

Gaskiya ne. Ƙasar Kenya tana aika furanni da ɗanyen wake zuwa Turai ta jirgin sama. Daga Nairobi zuwa Amsterdam ta ƙasar Holan nisan ya wuce kilomita 6,600, tafiyar awa 8 zuwa 9 ce. Furen da aka yanka a gonakin bakin tafkin Naivasha yakan isa kasuwar Turai cikin kwana biyu ko uku. Me ya sa nasu ya yiwu?

Abu na fari, fure ba shi da nauyi, ga shi da tsada, kilo ɗaya nasa ya ninka kilo ɗaya na tumatir sau da yawa. Na biyu, tun daga gona ake sa shi a ɗakin sanyi, a ɗauke shi a mota mai sanyi, a ajiye shi a ɗakin sanyi a filin jirgi. Na uku, akwai mai saye da ke jira tun kafin a yanka. Na huɗu, suna kiyaye dokokin ƙasashen da suke kai wa, musamman a kan maganin ƙwari. Wannan na ƙarshe ya taɓa ƙona mu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami maganin ƙwari a jikinsa fiye da kima. Jirgi ba ya wanke wannan laifi, sai dai ya kai shi da wuri.

Saboda haka duk wanda ya zo muku da zancen fitar da kaya ta jirgi, ku zaunar da shi, ku ba shi ruwa, sa'an nan ku yi masa tambaya huɗu. Wane ne mai saye, a wane gari? Nawa zai biya a kan kilo? Nawa ne kuɗin jirgi a kan kilo, wa zai biya? In an soke tashin jirgi kaya suka lalace, asarar wa? In ya kasa amsawa a rubuce, ma'aji ya bar kuɗin taki inda suke. Kada a fitar da ko kwabo sai da yardar taro, a kuma rubuta a littafi.

INDA JIRGI YAKE DA AMFANI GARE MU

Kada a ce na kushe jirgin sama. Yana da ranarsa. Ƙa'idar ita ce: abu marar nauyi, mai daraja, wanda jinkiri zai kashe shi. Maganin rigakafin kaji da na dabbobi, wanda tilas ya zauna cikin sanyi, ya cancanta. Haka ɗan ƙunshin sabon iri da za a gwada. Haka marar lafiya da likita ya ce a kai shi babban asibiti da gaggawa, ko wakilin da ƙungiyoyi suka tura ya sa hannu a kan ciniki kafin wani ya riga mu.

Wanda tafiya irin wannan ta kama, ga 'yar shawara. Sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na katin shaidarsa. Ya isa fili awa 2 kafin lokaci, domin jirgi ba motar tasha ba ce da za a ce direba ya dakata. Ya tambayi nauyin kayan da aka yarda masa tun daga gida, abin da ya haura biya ake yi. Kada ya riƙe wuƙa ko aska a jakar hannu, kada kuma ya ɗauki fetur ko maganin feshi ko kaɗan. In da hunturu ne, kada ya sa ranar tafiya ta zama ita ce ranar taron da za shi, ya ba da ratar kwana ɗaya saboda hazo.

AWOYIN DA KE HANNUNMU

Lissafin ƙofa zuwa ƙofa da muka yi wa jirgi, shi ne ya kamata mu yi wa tirela. In muka yi, za mu tarar ba dukan lokacin ne ke ƙarewa a kan kwalta ba. Na sha gani a fadamun Hunkuyi da Kudan da wajen Makarfi da Ikara: a tsinke tumatir da tsakar rana, a jibge a bakin hanya cikin zafi, a jira dillali, a jira mota, motar kuma ta kwana tana jiran lodi ya cika. Kafin taya ta juya an yi asarar yini guda, wani lokaci fiye. Masana sun nuna cewa duk sa'ad da zafi ya ƙaru da digiri 10, saurin lalacewar kayan lambu yakan ninka sau biyu ko fiye. Awa ɗaya a rana ta fi awa biyu a inuwa ɓarna. Shingayen hanya da ramuka ba su cikin ikonmu, amma waɗannan awoyi na farko namu ne. Ga abin da nake roƙon kowace ƙungiya ta gwada a noman rani mai zuwa:

1. A tsinka da sassafe ko da la'asar sakaliya, a kai inuwa nan da nan. Rumfar kara ko ta zana a bakin lambu ta wadatar.

2. Na tafiya nesa, a tsinke shi sa'ad da ya ƙosa ya fara sauya launi, kafin ya yi ja. Zai ƙarasa nuna a hanya. Jajayen a kai kasuwannin kusa, Zariya ko Kaduna ko Kano.

3. A tsince mai tabo da fasasshe tun a gona. Guda ɗaya ruɓaɓɓe yakan ɓata na kewaye da shi.

4. A gwada akwatin roba maimakon kwando. Yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25, yana da ƙofofin shan iska, in aka jera kuma akwati ne ke ɗaukar nauyin akwati, ba tumatir ba. A kwando na ƙasa shi ke shan dannar na sama. Akwatin yana da tsada ga mutum ɗaya, amma ƙungiya tana iya saye ta riƙa ba da haya, ta kuma shirya yadda za a komo da su.

5. Ƙungiyoyin da ke kusa da juna su sa ranar tsinka ɗaya, a yi magana da direba tun kafin ranar, don mota ta cika ta tashi a yinin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6. A bugi mai saye a waya a ji farashi kafin a tsinka, ba bayan an loda ba.

7. Kada kowa ya dasa a mako ɗaya. In aka rarraba dashe, tsinka ma za ta rarrabu, kasuwa ba za ta cushe ba.

8. In farashi ya faɗi, a yanka a shanya a yi kauɗa, amma a kan tabarma ko leda mai tsabta ko gado na kara, ba a gefen titi cikin ƙura ba. Kilo 100 na ɗanye ba ya ba da kilo 10 na busasshe, ga shi yana jiran watanni har kasuwa ta tashi. Wanda ya yi kauɗa ya bar ruwan a gida, ya aika da abin da ake biya.

Ubangijinmu ya koya mana a cikin Luka sura 14 cewa mai niyyar gini ya fara zama ya lissafta abin da zai ci masa. Abin da muka yi ke nan. Na koma wurin Baba na karanta masa lissafin nan, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To Malam, a bar jirgi ga yara, mu a nemo mana akwatunan." Ma'ajin nan kuma bai taɓa kuɗin taki ba, mun gode wa Allah.

Roƙona ga magatakardan kowace ƙungiya shi ne ya buɗe shafi ɗaya a littafinsa. Duk lodin da ya tashi, a rubuta ƙarfe nawa aka tsinka, ƙarfe nawa aka loda, ƙarfe nawa mota ta tashi, yaushe ta isa, kwando ko akwati nawa suka isa lafiya. Ku zo da shafin nan taronmu na bayan kakar rani, mu haɗa mu ga inda awoyinmu suke zubewa. Wanda yake da tambaya ya ba fastonsa ko shugaban ƙungiyarsu, za ta iso ni.

Allah ya sa albarka a aikin hannuwanmu, ya kiyaye direbobinmu a hanya. Amin.

Naku cikin hidima,
Malamin Gona, Taba